Girka Manhajar Sarrafa Injin Yanka da Sassaƙa a Kan Linux: Bayani Ga Masu Sana'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi a Muchia da Kewaye

Gabatarwa

Muchia ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna, tare da Samaru, Basawa, Bomo, Hanwa, Chikaji, Dogarawa da sauransu. Tun zuwan jirgin ƙasa Zariya a wajajen shekarar 1911 Sabon Gari ya zama matattarar masu aikin hannu, kuma har yau masu walda da kafintoci da makanikai ne ke riƙe da wani babban ɓangare na tattalin arzikin yankin. A Samaru kuwa an fara binciken aikin gona tun 1922, sannan a 1962 aka kafa Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga cikin ayyukan wannan cibiya akwai ƙirƙiro ƙananan injinan noma, kamar na sussuka da na ɓare gyaɗa, waɗanda ake sa rai masu ƙira na gari su riƙa yin irinsu suna sayar wa manoma.

A nan ne matsalar take. Mai ƙira yana awo da tef, ya ja layi da alli, ya yanka ƙarfe da hannu, ya huda ramukan raga ɗaya bayan ɗaya. Komai ƙwarewarsa, da wuya injina biyu su fito daidai da juna. Idan ragar injin sussuka ta lalace wa manomi a Giwa ko Soba ana tsakiyar kaka, ba lalle ne wadda zai saya a gari ta shiga gurbin tsohuwar ba, sai ya ɗauko injin gaba ɗaya zuwa wurin wanda ya ƙera shi. Injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda aka fi sani da CNC, shi ne maganin wannan, domin zai yanka abu ɗaya sau ɗari ba tare da awon ya sauya ba.

Mun tattara wannan bayani ne domin mai sana'ar da ke tunanin mallakar irin wannan inji, da kuma jami'in da za a ɗora wa alhakin sayo shi domin cibiyar koyar da sana'o'i. Abin da muke son a fahimta shi ne, manhajar da ke tuƙa injin ana samunta kyauta, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukarta, amma ba kowace kwamfuta ce ta dace ba, kuma akwai gwajin da ake yi a gane hakan tun kafin a kashe ko sisi.

Yadda injin yake aiki

Injin CNC tebur ne da ke ɗauke da kan yanka mai tafiya hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Waɗannan hanyoyi uku ana kiransu X da Y da Z. Kan yankan na iya zama bakin sassaƙa katako, ko bakin huda, ko wutar filasma mai yanka faifan ƙarfe. Abin da ke motsa shi ƙananan injinan juyi ne masu aiki da lantarki, waɗanda ba sa juyawa a sake kamar fanka, sai dai taku-taku. Za mu kira su injinan taku. Galibinsu suna cika zagaye ɗaya ne da taku 200. Kowane injin taku yana da ɗan akwatin da ke ba shi wuta, wanda masu sayar da kayan ke kira direba, kuma direba ba ya yin komai sai kwamfuta ta aiko masa da bugun lantarki: bugu ɗaya, taku ɗaya.

Umarnin da ake bai wa injin rubutu ne na haruffa da lambobi da ake kira G-code. Misali, G21 na nufin a yi awo da milimita, G0 a tafi da sauri ba tare da yanka ba, G1 a yanka a miƙe, G2 da G3 a yanka a lanƙwashe, M3 a kunna bakin yanka, M5 a kashe shi. Layin da aka rubuta G1 X100 Y50 F600 yana cewa ne a yanka a miƙe zuwa wurin da ke milimita 100 ta gefe da 50 ta gaba, da gudun milimita 600 a minti. Ba sai mutum ya rubuta dubban irin waɗannan layuka da hannu ba. Ana zana abin da ake so da manhajar zane irin su FreeCAD ko Inkscape, waɗanda su ma kyauta ne, sannan a juya zanen zuwa umarni. Aikin manhajar sarrafa inji shi ne ta karanta umarnin, ta mayar da shi bugun lantarki, ta aika wa kowane direba nasa a daidai lokacinsa.

Asalin Linux da LinuxCNC

Linux babbar manhaja ce wadda kwamfuta ke gudana a kanta, kamar dai Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. Ana kiranta buɗaɗɗiyar manhaja domin lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma bai wa wani. Akwai nau'o'inta da yawa, amma wanda ya shafe mu a nan shi ne Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993.

Ita kuwa LinuxCNC ta samo asali ne daga hukumar kula da ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka, wato NIST, a farkon shekarun 1990, da sunan EMC. Daga baya masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da raya ta, ta zama EMC2, kana a 2012 aka sauya mata suna zuwa LinuxCNC saboda wani kamfani mai irin wancan suna. Tana iya tuƙa inji mai hanyoyin motsi har 9. Fitowa ta 2.8 ta zo a 2020, ta 2.9 kuma a 2023, kuma wannan ta biyun an shirya ta ne a kan Debian 12.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ba za a tsaya kan Windows da kowa ya saba da ita ba? Da yawa daga cikin ƙananan injinan da ake shigowa da su daga Sin suna zuwa ne da Mach3, manhajar Windows wadda ake sayen lasisinta. Wadda ba a biya ba tana tsayawa ne bayan layi 500 na umarni, wanda ba zai isa huda ragar injin sussuka mai ramuka da yawa ba, kwafin sata kuwa haramun ne a doka kuma babu wanda za a kai wa kuka idan ya ɓaci. Bugu da ƙari, idan ta kafar firinta za a tuƙa injin, Mach3 na buƙatar tsohuwar Windows mai bit 32, irin wadda kamfanin Microsoft ya daɗe da daina kula da ita. Ko Windows 10 ma an kawo ƙarshen tallafinta na gama-gari a watan Oktoba na 2025, abin da ya sa ofisoshi da dama ke da kwamfutocin da aka jingine alhali lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan ne Linux ke dawo wa da amfani.

Batun lokaci

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, don haka za mu ɗan dakata a kansa. A ce direba an saita shi ya raba kowane taku gida 8, to zagaye ɗaya ya zama bugu 1,600. A ce kuma sandar da ke jan kan yanka mai zare ce irin ta noti, wadda ke matsar da shi milimita 5 a kowane zagaye. Ke nan ana buƙatar bugu 320 kafin a yi tafiyar milimita 1. Idan ana son injin ya yi gudun milimita 50 a sakan, tilas kwamfuta ta fitar da bugu 16,000 a kowane sakan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai wa daida.

Kwamfuta ta yau da kullum ba ta da wannan ɗabi'a. Tana raba hankalinta ne tsakanin allo da linzami da ma'ajiya da intanet, kuma idan ta yi jinkirin ƙiftawar ido mai buga takarda ba zai lura ba. Injin taku kuwa zai lura. Bugun da ya makara zai sa ya yi tuntuɓe ya rasa taku, kuma tunda galibin injinan taku ba sa kai wa kwamfuta rahoton inda suke, za ta ci gaba da aiki tana zaton komai daidai ne. Duk ramin da aka huda bayan nan ya kauce, faifan ƙarfen da aka saya da tsada ya tashi a banza. Saboda haka LinuxCNC ba ta aiki a kan kowace Linux, sai wadda aka gyara zuciyarta ta riƙa ajiye komai ta fara biyan buƙatar inji. Gyaran da aka fi amfani da shi ana kiransa PREEMPT_RT. Shekaru da yawa ana ɗora shi ne daga waje, sai a 2024 aka shigar da shi cikin Linux kanta a fitowa ta 6.12.

Zaɓen kwamfuta da hanyar haɗi

Ba a buƙatar kwamfuta mai tsada. Ta tebur mai bit 64, mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da ma'ajiyar da ta kai gigabait 8 ko fiye, ta wadatar. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba mu ba da shawararta ba, domin dabarun da take yi na tsimin batir da sanyaya kanta su ne ainihin abin da ke kawo jinkirin da muka ambata.

Hanyoyin haɗa kwamfuta da inji biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce kafar firinta ta da, mai ramuka 25, wadda ake gani a bayan tsofaffin kwamfutoci. Idan babu, ana iya sayen katinta a soka cikin kwamfutar. Daga nan waya na tafiya zuwa wani ɗan allo mai rarraba bugun ga direbobi, wanda kuma ke kare kwamfutar daga wutar injin. Wannan hanya ita ce mafi araha, amma nauyin ƙidayar bugu duka yana kan kwamfuta. A nan muna jan hankali da babbar murya: wayar da ke mayar da kafar USB ta zama kafar firinta ba ta aiki da LinuxCNC, ko da mai shago ya rantse. Haka kuma allunan USB da aka yi domin Mach3 ba sa aiki da ita. Wanda ya sayi inji mai irin wannan allo sai ya sauya allon, amma direbobi da injinan taku suna nan yadda suke.

Hanya ta biyu ita ce a sayi katin da ke fitar da bugun da kansa, kamar na kamfanin Mesa na Amurka, irin su 7i96S da 7i76E, waɗanda ake haɗawa da wayar sadarwa ta kwamfuta. Da irin wannan kati, kwamfuta na aika saƙo sau 1,000 ne kawai a sakan, katin ya yi sauran aikin. Ya fi tsada kuma sai an yi odarsa daga waje, amma yana jure wa kwamfutar da ba ta cika saiti ba, kuma ga teburin filasma shi muka fi so.

Girkawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke fayil ɗin da masu LinuxCNC suka shirya a shafinsu na linuxcnc.org, wanda ya haɗa Debian da gyararriyar zuciya da manhajar kanta a wuri ɗaya. Fayil ne babba, don haka a nemi wurin da intanet ke da ƙarfi, kamar shagunan da ke kusa da jami'a a Samaru. Tunda lasisi ya yarda, mutum ɗaya na iya saukewa ya raba wa 'yan ƙungiyarsu duka. A shafin akwai wata doguwar lambar tantancewa da ake kwatantawa da ta fayil ɗin da aka sauke. Kada a tsallake wannan, domin intanet ɗin da ke yankewa na iya ba da fayil mai giɓi, sai an kai tsakiyar girkawa ya tsaya.

Daga nan a rubuta fayil ɗin a kan filashi mai gigabait 8 da manhaja irin su Etcher ko Rufus. Kwafa shi kawai cikin filashi kamar yadda ake kwafar waƙa ba zai yi ba, kuma duk abin da ke cikin filashin zai goge. A soka filashin, a kunna kwamfuta, a shiga saitin BIOS ta danna maɓallin da allo ya nuna, wanda galibi F2 ne ko F10 ko F12 ko Del. A can za a umarci kwamfuta ta tashi daga filashi, a kashe Secure Boot idan akwai, a kuma kashe duk saitin tsimin wuta.

Da ta tashi za a ga zaɓi biyu: a gwada ba tare da girkawa ba, ko a girka. A fara da gwaji. Ta haka Linux za ta gudana daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amfanin wannan a fili yake: mai sayen tsohuwar kwamfuta a kasuwar Sabon Gari na iya zuwa da filashinsa a aljihu, ya roƙi mai shago ya bari ya gwada ta kafin a yi ciniki, kuma jami'i na iya bin kwamfutocin da aka jibge a sito ɗaya bayan ɗaya ya ware masu amfani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwajin shi ne wanda ake kira latency-test, kuma yana cikin jerin manhajojin CNC da ke kan allo. Yana auna mafi munin jinkirin da kwamfuta ta yi wajen amsa kira. Yayin da yake gudana, a takura wa kwamfutar da gangan: a buɗe tagogi da yawa, a ja su nan da can, a kwafi manyan fayiloli, a kunna bidiyo. A shago minti 15 ko 20 zai fallasa wadda ba ta da kyau ƙwarai, amma kafin a amince da ita a bar gwajin ya yi sa'o'i, domin wata kwamfutar sai bayan dogon lokaci take yin tuntuɓe ɗaya, kuma ɗayan nan ya isa ya ɓata aiki. Lambar da ke fitowa tana cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan ne. Idan ba ta wuce 15,000 zuwa 20,000 ba, kwamfutar ta yi kyau sosai ga kafar firinta. Daga 30,000 zuwa 50,000 za ta yi aiki, sai dai injin ba zai yi gudu sosai ba. Idan ta kai 100,000 ko fiye, a manta da kafar firinta, sai dai da katin Mesa. Idan kuwa ta haura miliyan 1, a nemi wata kwamfutar. Wani lokaci sauya katin hoto ko ƙara kashe wasu saituttuka a BIOS na rage lambar ƙwarai, don haka kada a yi saurin yanke hukunci a gwajin farko. A rubuta lambar a takarda, za a buƙace ta nan gaba.

Idan kwamfuta ta ci gwaji, sai a sake tayar da ita a zaɓi girkawa. Za a tambayi harshe, da ƙasa, da sunan mai amfani, da kalmar sirri, da ma'ajiyar da za a girka a kai. A sani cewa za a share duk abin da ke cikin ma'ajiyar, saboda haka idan kwamfutar ofis ce a tabbata an kwashe takardun hukuma tukuna. Shawararmu ita ce a bar wannan kwamfuta ga inji kaɗai, kada a raba ta da Windows, kada kuma yaran shago su mayar da ita wurin kallon fim da cajin waya.

Sanar da manhaja irin injin da take tuƙawa

LinuxCNC ba ta san injinka ba sai ka gaya mata. Kafin a haɗa komai, yana da kyau a buɗe ɗaya daga cikin injinan kwaikwayo da ke cikinta, inda ake ganin kan yanka na tafiya a allo ba tare da inji na gaske ba. Almajiri na iya yin mako guda a nan yana koyo babu asarar ƙarfe babu rauni.

Domin inji na gaske akwai mataimaka biyu: Stepconf ga mai kafar firinta, Pncconf ga mai katin Mesa. Stepconf zai tambayi sunan inji, da ma'auni, inda za a zaɓi milimita, da lambar nan ta gwajin jinkiri, da tsawon bugun da direba ke buƙata, wanda ke rubuce a takardar da ta zo da shi. Zai tambayi adireshin kafar firinta, wanda galibi 0x378 ne idan da ita aka ƙera kwamfutar, idan kuwa kati ne aka soka sai a nemo shi da umarnin lspci -v. Sannan zai nuna ramukan kafar domin a faɗi aikin kowanne: wannan takun X, wannan alkiblar X, wannan maɓallin tsayawa, da sauransu. Wannan jeri yana cikin takardar allon rarrabawa, kuma wanda ya yar da takardar ya jawo wa kansa aikin kwana da kwanaki.

Bayan haka sai a shigar da lissafin kowace hanya kamar yadda muka yi a sama, da iyakar tsawon tebur, da iyakar gudu. Akwai maɓallin gwada kowace hanya ita kaɗai. A fara a hankali, a riƙa ƙara gudu har injin taku ya fara kuka yana tsayawa, sannan a ja baya sosai daga wannan iyaka, domin injin da ke tafiya fayau ba kaya ba haka zai yi ba idan baki ya shiga katako. Sai a umarce shi ya yi tafiyar milimita 100 a auna da ma'auni mai kyau. Idan ya yi 50 ko 200, to rabon takun da aka saita a jikin direba ya saɓa da wanda aka rubuta. Idan ya yi 98, wasu kan gyara lissafin nan take su mayar da 320 ta koma 326.5. Mu dai muna ganin a fara duba ko wani noti ya kwance, ko bel ya saki, ko injin na rasa taku, domin lamba ba ta gyara abin da sifana ya kamata ya gyara.

Duk waɗannan amsoshi ana ajiye su ne a cikin jakar linuxcnc, ƙarƙashin configs, a fayiloli ƙanana masu ƙarewa da ini da hal. Rubutu ne da mutum zai iya buɗewa ya karanta. Su ne ran injin. A kwafe su a filashi biyu, a kuma buga su a takarda. Idan kwamfuta ta ƙone, da waɗannan fayiloli za a tayar da injin a wata cikin yini guda. In babu su, an koma farko.

Allon manhajar da Turanci yake zuwa, kuma wannan cikas ne ga masu sana'a da yawa. Lasisinta bai hana kowa fassara ta ba, kuma garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai rasa masu iya wannan aiki ba. Kafin a kai ga haka, kalmomin da ake amfani da su kullum ba su fi 20 ba, ana iya rubuta ma'anarsu a kwali a manna kusa da allo.

Wuta, ƙura da lafiyar ma'aikaci

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, injin zai manta inda yake. Abin da ke ceton aikin shi ne ƙananan makunnai da ake sa wa a ƙarshen kowace hanya, waɗanda injin ke komawa ya taɓa domin ya gane mafarinsa. Da su, bayan wuta ta dawo ana iya ci gaba daga layin da aka tsaya. Ita kwamfutar a sa mata UPS domin a samu damar kashe ta yadda ya kamata. Mai aiki da janareta kada ya haɗa kwamfuta da injin walda a layi ɗaya. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure jikin injin da ita da waya mai kauri, kuma da rani idan ƙasa ta bushe a riƙa zuba wa wurin ruwa. Da damina kuwa, idan hadari ya taso da tsawa, a zare wayoyi daga bango.

Wayoyin saƙo kada su bi hanya ɗaya da wayoyin wuta. Wannan ya fi tsanani ga filasma, musamman irin wadda ke tayar da wutarta da tartsatsi mai ƙarfi, domin takan rikita kwamfuta har ta daskare. Mai sayen filasma domin tebur ya tambayi wadda aka yi don aiki da CNC. LinuxCNC 2.9 tana da fuska ta musamman domin wannan aiki mai suna QtPlasmaC.

Ƙurar hunturu da garin katako suna toshe fankar kwamfuta, zafin watan Maris da Afrilu kuma ya ƙarasa ta. Ƙurar ƙarfe ta fi muni, domin tana ɗaukar wuta. A sa kwamfutar cikin akwati mai ragar tace iska, nesa da inda ake gurza ƙarfe, a riƙa hure ta duk mako.

Babban abin kiyayewa shi ne jan maɓallin tsayawar gaggawa. A manhajar, F1 na tsayar da inji, amma wannan ya dogara ne ga kwamfutar da ke da rai. Dole a samu maɓalli na zahiri, babba, inda hannu zai kai ba tare da dubawa ba, wanda ke yanke wutar direbobi da ta bakin yanka kai tsaye ko da kwamfuta ta daskare. Injin ba ya bambance katako da yatsa. Babbar riga da hannun riga mai faɗi ba su dace da wurin ba. A sa tabarau, kuma kada a yanka ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi, a cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Ga jami'an da za su sayo inji

Kowa ya san yadda kayan aiki masu tsada kan ƙare a rufe da leda a cibiyoyin koyar da sana'a, ba don sun lalace ba, sai don wanda ya girka su ya tafi da iliminsa. Buɗaɗɗiyar manhaja na rage wannan haɗari, amma sai an rubuta sharuɗɗan a takardar kwangila tun farko. A nemi ɗan kwangila ya bayyana sunan manhajar da ke tuƙa injin da matsayin lasisinta, ya miƙa kalmar sirri, da fayilolin saiti a filashi da kuma a takarda, da zanen yadda aka haɗa wayoyi, da takardun direbobi. A sa ya gudanar da gwajin jinkiri a gaban jami'i, a rubuta lambar cikin takardar karɓar kaya. Kada a biya kuɗin ƙarshe don kawai an ga injin na motsi. A ba shi faifai ya yanka murabba'i mai milimita 100 a kowane gefe da da'ira mai faɗin milimita 100, a auna su, sannan ya yanka irinsu sau 5 a ɗora su a kan juna a gani ko sun daidaita.

Horo kuma kada ya tsaya ga mutum ɗaya, domin ana yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki. A horar da aƙalla biyu daga ma'aikata da wasu daga ƙungiyar masu walda ko kafintoci na yankin, har sai kowannensu ya iya share kwamfutar ya sake girkawa da kansa daga filashi. Sabon Gari na da sa'ar da ƙananan hukumomi da yawa ba su da ita, domin Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli kuma na nan Zariya, kuma ɗalibansu na fita neman wurin koyon aiki kowace shekara.

A kasafin kuɗi a ware wani abu domin kayan da ke cinyewa, wato bakunan sassaƙa da bakunan filasma, da direba ɗaya na ajiya. A kuma ajiye kwamfuta ta biyu wadda ta ci gwaji, an girka mata komai an kwafa mata saitin injin, a rufe ta cikin kwali a ofis. Bayan an gama saiti injin na aiki lafiya, a cire kwamfutar daga intanet, kuma kada a sabunta manhajar ana tsakiyar aikin wani. Idan sabuntawa ta zama dole, a fara gwada ta a kan kwamfutar ajiyar.